Misalai Bakwai a Shagon Kawu

Hutun mako biyu na ɗauka a wurin aiki ranar da aka kira ni cewa Baba ya faɗi a gona. A Kaduna nake a lokacin, ina aiki da wani ƙaramin kamfani mai gina wa mutane shafukan intanet. Jaka ɗaya na ɗauko da laftof ɗina, har wankina na bari a kan igiya. Na iso Bagudo na tarar ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai an kasa kunne sosai.

Ni ne ɗan fari, kuma ni kaɗai ne namiji. Ƙanwata tana aure a Kende da 'ya'yanta ƙanana. Inna mace ce 'yar ƙarama, Baba kuwa ƙaton mutum ne, irin manoman da ke saɓa buhun shinkafa ba tare da an taya su ba. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce in zauna. Mako biyu ya cika, na roƙi ƙarin biyu, aka ba ni. Daga baya shugabana ya kira da murya mai taushi ya ce sun ɗauki wani, amma duk ranar da na dawo in neme shi. Wani abokina ya kwashe kayana daga ɗakin haya ya ajiye a gidansu.

Kwanakina suka zama iri ɗaya. Da asuba in tayar da Baba in kai shi bayan gida, in yi masa wanka, in zaunar da shi ya yi salla. Inna ta ba shi kunu. In hau babur in leƙa fadama in ga abin da 'yan ƙwadago suka yi, in dawo kafin rana ta take, in juya shi ɗaya ɓarin don kada bayansa ya yi gyambo. Bayan azahar yakan yi barci. Daga nan zuwa la'asar, wannan ɗan tsakanin shi kaɗai ne nawa a duk yini.

A shagon kawuna nake cinye shi. Ƙanen Inna ne, yana da shagon buga takardu da hoton fasfo kusa da tasha, kuma yana da sola, don haka ko an ɗauke wuta fanka na juyawa. Ya ba ni wani benci a lungu kusa da taga, inda sabis ya fi kamawa. Kawu bai taɓa tambayata abin da nake yi ba. In mutane sun tambaye shi sai ya ce, "Aikinai na Kaduna shika yi." Ni kuwa na san babu wani aikin Kaduna.

Tsoro nake ji kada hannuna ya mutu a sana'ata. Abin da na iya aiki da shi wata manhaja ce da ake gina shafukan intanet a kanta, kamar yadda magini ke samun tubali da katako a shirye, shi dai tsara gini ne nasa. Manhajar ba ta wani kamfani ba ce. Mutane ne daga ƙasashe dabam-dabam suke rubuta ta, kowa na iya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinta, in ya ga ɓaraka ya gyara ya miƙa gyaran. Na yi shekaru ina ci da ita ban taɓa miƙa komai ba.

A cikinta akwai wata folda ta misalai, wato ƙananan ayyuka da aka gina don mai koyo ya buɗe ya ga yadda ake yi. Wata rana na buɗe ta don in tuna wani abu, sai na tarar kamar ɗakin ajiyar da kowa ke jefa kaya ya ja ƙofa. Misalai sun fi ashirin. Wani ya rubuta nasa shekarun baya ya tafi, wani ya kwafi na wancan ya canza launi. Wasu ko tashi ba sa yi. Ba a san na farko ba, ba a san na ƙarshe ba. A dandalin da ake tattauna aikin na ga an daɗe da rubuta cewa ana neman wanda zai tsara foldar. Mutane da yawa sun zo sun ce lalle ya kamata, babu wanda ya ce zai yi.

Na rubuta cewa zan yi. Ban ma yi dogon tunani ba.

Washegari amsa ta zo daga matar da ke jagorantar aikin. Ban taɓa ganin fuskarta ba, na dai san a wata ƙasa mai sanyi take, kuma ita ma a lokacin hutunta take wannan hidima. Ta yi godiya, ta ce daga yau foldar tana hannuna. Na karanta saƙon ya fi sau biyar. Tun da na dawo gida babu wanda ya neme ni don abin da ke cikin kaina. Ƙarfin kafaɗuna kawai ake bukata.

Na fara da ganin abu ne mai sauƙi. Na jera su bisa haruffa, na ga ba ma'ana. Na tara su bisa abin da kowanne ke koyarwa, sai na ga misali ɗaya na koyar da abu biyar a lokaci guda. Na jera daga mai sauƙi zuwa mai wuya, amma sauƙin a wurina ne, ni da na riga na sani. Wata guda ina motsa foldoji daga nan zuwa can, sa'a biyu kullum, kuma da na fara kama bakin zaren sai a kira la'asar in rufe laftof in tafi in ɗaga Baba.

Ana haka wani malamin dabbobi ya shigo shagon don buga fom ɗin rigakafi. Mutum ne da ya haura hamsin, siriri, da gemu mai furfura, rabin Bafulatani ne ta wajen uwa. Aikinsa bin rugage daga wajen Lafagu har bakin iyaka yana yi wa shanu allura. Yana jiran Kawu ya gama, sai ya tsaya a bayana yana kallon allo.

"Injiniya, mi kake ginawa?"

Na ce ba gini nake ba, jera misalai nake don masu koyo.

"To ga mai koyo," in ji shi, ya jawo kujera ya zauna.

Na ɗauka wasa yake. Sai ya zaro wani tsohon laftof daga jakarsa, wanda aka ba su a ofis, ya ce ya gaji da takarda. Bara ruwa ya shiga jakarsa a kwalekwale, rajistar rugage ta wata uku ta zama kunu. Yana son abin da zai riƙa rubuta garken da ya yi wa allura, kuma ba ya son a yi masa, so yake ya iya da kansa, don in ya lalace a daji ya san inda zai taɓa.

Muka sa Litinin da Alhamis. Ranar farko gaba ɗaya a sauke kayan aiki daga intanet ta ƙare. Sabis ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke, muna zaune muna kallon layin da ke rarrafe a allo. Ranar ta biyu na buɗe masa misalin da na sa a farko, jerin abubuwan da mutum zai yi a yini. Ya bi umarni tiryan-tiryan, abu ya tashi. Ya dube shi.

"Wanga na mi ne?"

Na ce don mutum ya rubuta ayyukansa kada ya manta.

"Mutum shi manta abin da zai yi yau?"

Misali na biyu kanti ne na sayar da kaya da katin banki. Kafin ya ga komai a allo sai ya buɗe rajista a wurare biyu, ya kwafo wasu dogayen lambobin sirri, ya gyara fayil huɗu. A fayil na uku ya ɓata. Ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Injiniya, ka gafarce ni, ko dai na tsufa da wanga abu?"

Maganar ta tsaya mini a rai har na isa gida. Mutumin da ke bambance saniya mai ciwon huhu daga nesa, ya san hanyar kowace ruga a damina da rani, shi ne foldata ta sa yana tambayar ko ƙwaƙwalwarsa ta gaza. Ina goge wa Baba baya da tsumma, sai na gane laifin ba na jeri ba ne. Ko yaya na jera su, misalan ba su san juna ba. Kowanne sabon gari ne, mai koyo sai ya sake tambayar hanya.

Na yanke shawarar in ajiye tsofaffin a gefe in gina sababbi, aiki ɗaya da ke girma a hankali, kowane mataki ya ƙara abu ɗaya tak, kuma a ƙarshen kowane mataki mai koyo ya ga wani abu yana aiki a gabansa. Da yake malamin dabbobi ne a gefena, rajistar rigakafi na ɗauka. Misali na farko shafi ne kawai mai nuna sunayen rugage. Na biyu ya ƙara fom. Na uku ya ajiye abin da aka rubuta, ko an kashe na'ura yana nan. Haka har bakwai.

A na biyu muka yi gardamarmu ta farko. Na sa gurbin adadin shanu, na kuma sa dole a cike shi kafin fom ya wuce. Malam ya gwada barinsa babu komai, jan rubutu ya fito. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Kai ɗan birni ne. Wa ya gaya maka makiyayi na faɗin yawan shanunai?"

Na ce ai rajista ce, dole a san adadi.

"In ka tilasta mai, zai ba ka lamba. Amma ba ita ba ce. Ni allurar da na yi nika ƙirgawa, ita na sani. Bar mai wancan gurbin, in ya so shi faɗi, in bai so ba mu wuce."

Na gyara. Kuma wannan gyaran ya zama darasin misalin gaba ɗaya: yadda ake bambanta gurbin dole da na ganin dama, da dalilin da zai sa mai gini ya yi tunani kafin ya tilasta.

Gurbin lambar waya ma ya ba mu aiki. Makiyaya da yawa suna ƙetarawa Benin su dawo, layin can suke riƙewa, lambar kuma tsawonta dabam. Fom ɗina ya ƙi karɓa. Da muka zo misali na huɗu, na neman suna, sai ga wata matsalar. Duk sunan da ke da harafi mai ƙugiya, irin ɗ da ɓ da ƙ, in an jera sai ya faɗa can ƙasa bayan z, in an nema kuma ba a ganinsa. Rabin rugagen Malam suka ɓace daga allo. Kwana huɗu na yi a kan wannan kaɗai, na gano ba daga wurina ba ne, daga cikin manhajar ne. Na rubuta gyara na miƙa. Shi ne gyarana na farko da aka karɓa, kuma na karanta saƙon karɓar ne a tsaye a ƙofar bayan gida, ina jiran Baba ya ce ya gama.

Misali na bakwai Malam ne ya nema: abin ya yi aiki ko babu sabis, in an shigo gari ya aika da kansa. Ya ce a wajen iyaka wayarsa takan tsallake ta kama layin Benin, ta turo masa saƙon Faransanci, daga nan sai ta zama dutse.

Da na miƙa bakwai ɗin, an yi kwanaki ana muhawara. Wani daga cikin manyan masu aikin ya ce misalan sun yi kyau amma yawancin masu koyo ba su san shanu ba, a mayar da su kantin littattafai. Na rubuta amsa mai zafi na goge, na sake rubutawa na goge. A ƙarshe na ce kawai ni ma da na fara koyo ban taɓa sayen komai da kati ba, kuma na koya. Jagorar ta ce a bar shanun. Aka sa misalan a shafin farko na masu koyo.

Na yi murna kwana biyu. Daga nan saƙonni suka fara zuwa.

Wani ya ce misali na uku ba ya tashi a na'urarsa. Wata ta ce hoton da ke bayani na biyar ya tsufa. Wani ya rubuto da yaren da ban sani ba. Duk abin da ya shafi foldar, sunana ake kira. Sai kuma aka fitar da sabuwar sigar manhajar, misalai huɗu cikin bakwai suka karye a rana ɗaya. Na buɗe laftof bayan azahar na tarar da saƙonni sun yi layi, wasu da ladabi, wasu kamar albashi nake karɓa. Sa'a biyun da nake numfashi a cikinsu suka zama wani ɗakin jinyar. A gida mutum ɗaya ke jirana, a nan kuma mutanen da ban san iyakarsu ba.

A wannan lokacin ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ina tsakiyar gyaran misali na biyar, na kusa gano matsalar, sai Inna ta kira waya ta ce Baba ya farka da wuri yana son fita. Na zo na ɗaga shi da gaggawa, ƙafarsa mai ciwo ta maƙale a tabarma, ya yi nishi. Na ce, da ƙarfi, "Baba, ka taimake ni mana, ka ɗan ɗaga ƙafar!" Ƙafar da ya yi wata takwas bai motsa ba. Inna tana bakin murhu, ta juya baya ta ci gaba da fifita wuta. Ranar ban koma shago ba.

Bayan damina jagorar ta rubuto mini ni kaɗai. Ta ce wani kamfani a Legas na neman wanda zai koyar da ma'aikatansu wannan manhaja, sun ga misalan, ta ba su sunana. Suka kira ni. Aikin na zama ne a can, ba a yi daga nesa, kuma suna son in je mu gana cikin mako uku.

Kwana biyu na riƙe maganar kafin na gaya wa Inna. Tana tsince shinkafa a faifai. Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallon fuskata ba, kunyar ɗan fari. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Allah shi sa alheri," ta ce.

Ashe Baba na ji daga ɗaki. Ya buga sandarsa a ƙasa, na shiga na durƙusa. Ya daɗe yana haɗa kalmar a bakinsa.

"Tahi."

Na ce Baba ai ba a yanke komai ba.

"Tahi. Na ce... ka tahi."

Ƙanwata ta zo daga Kende da goyonta. Ta ce, "Yaya, ka yi naka, saura namu. Ni da Inna muna iyawa." Muka shirya gwaji: kwana uku zan janye hannuna gaba ɗaya, in kwana a gidan Kawu, su biyu su yi komai, mu ga yadda za ta kasance. In ya yiwu, sai a nemi wanda zai riƙa taya su, ni kuma in tafi.

Ranar farko na yini a shago tun safe. Na gyara misalai biyu a zama ɗaya. Na ci abinci a zaune ba tare da kasa kunne ba. Na kira ƙanwata da yamma ta ce lafiya lau, Baba bai ba su wahala ba ko kaɗan, sau ɗaya ma ya nemi fita. Rana ta biyu ta ce ko sau ɗaya bai nema ba. Na ji daɗi. Har na fara duba motar da ke tashi zuwa kudu.

Da hantsin rana ta uku Inna da kanta ta zo shagon. Ban taɓa ganinta a nan ba. Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta, ta gaisa da ƙanenta, sannan ta ce, tana kallon injin buga takarda, "A gaya wa wancan shi taho shi ga ubanai."

Na tarar da Baba leɓɓansa sun bushe sun tsattsage, idanu sun faɗa. Kofin ruwa na gefensa a cike. Kunun safe na nan da yanarsa. Ƙanwata tana kuka a tsakar gida, ta ce tun shekaranjiya yake kawar da kai in an kawo masa ruwa, ya ce ba ya jin ƙishirwa, ita kuma ta ɗauka gaskiya ne.

Na gane nan take. Ba ya son 'yarsa ta kai shi bayan gida. Ba ya son ta ga tsiraicinsa. Kuma ba ya son ya hana ni tafiya. Sai ya daina sha.

Na tallafo kansa na kai kofin bakinsa. Ya dube ni, ya dubi ƙofa ya tabbata babu mace a ɗakin, sannan ya sha. Ya shanye, na ƙaro, ya shanye. Da ya samu numfashi ya ce, "Ka... tahi dai." Na ce to, Baba. Na ɗaga shi muka fita.

Washegari bayan azahar na rubuta wa mutanen Legas cewa ba zan samu zuwa ba. Layi uku ne. Na rubuta wa jagorar ma, kuma a karo na farko na gaya mata inda nake zaune da abin da nake yi kafin azahar da bayan la'asar. Ta amsa da cewa ita ma ta yi jinyar mahaifiyarta shekaru, ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce komai zai wuce ba. Abin da ta yi shi ne ta sa sanarwa ana neman wanda zai taya ni riƙon foldar. Bayan wasu makonni wani malamin makaranta daga wata ƙasa ya karɓi misalai uku na ƙarshe. Na ji sauƙi, na kuma ji wani abu kamar kishi ranar da na ga ya gyara na bakwai ba tare da ya tambaye ni ba. Gyaran nasa ya fi nawa kyau.

Malamin dabbobi ya gama bakwai ɗin kafin girbi. Ya gina tasa rajistar, mummuna ce a ido, maɓallai manya-manya kamar na rediyo, amma tana aiki, kuma ya sa mata Fulatanci. Ba a daɗe ba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma. Ya zo sallama da kwalbar man shanu, ya ce a riƙa shafa wa Baba a ƙafa. Da zai hau babur ya ce, "Injiniya, ni na samu abin da na zo nema. Kai fa?" Na yi dariya na ce Allah ya kiyaye hanya. Yakan kira ni jefi-jefi in wani abu ya ƙi masa.

Yanzu shekara ta uku ke nan. Baba yana iya zama da kansa in an jingina shi, magana ta ɗan saki, ƙafar dai tana nan yadda take. Abin da ya faru a kwana ukun nan ya kai kunnen mijin ƙanwata, mutum mai kawaici da ban taɓa yin doguwar hira da shi ba. Wata rana ya zo ya same ni a fadama ya ce shi namiji ne, kuma Baba ubansa ne, zai riƙa zuwa rana ɗaya a mako ya karɓe ni. Baba ya yi ta noƙewa da farko, daga baya ya yarda.

Ranar da ya fara zuwa, ya iso tun da sassafe ya ce in tafi duk inda nake so, kada in dawo sai magariba. Na tsaya a ƙofar gida da makullin babur a hannu ban san inda zan nufa ba. Na bar laftof a ɗaki da gangan. Na kama hanya na yi ta tafiya har Dole Kaina, inda rabona da zuwa tun ina saurayi. Kasuwa tana ci. Na ji Dandanci da Zabarmanci da Faransanci suna cakuɗe da Hausa, na sayi soyayyen kifi na zauna a bakin ruwa ina kallon jiragen da ake lodawa da buhuna da babura da mutane, suna ƙetarawa ɗaya bayan ɗaya. Wani mai jirgi ya ɗago hannu ya ce, "Malam, za ka haye?" Na ce a'a, kallo nake.

Ban cinye kifin ba na fara duba agogo. Na tuna cewa sai an sa hannu a ƙarƙashin gwiwar dama kafin a ɗaga Baba, na gaya wa surukina amma ban nuna masa ba. Na kira shi, wayar ba ta shiga ba. Na naɗe sauran kifin a takarda na tayar da babur.

Na iso gida rana da sauranta. Na tarar da su biyu a inuwar zaure, Baba a jingine, an yi masa aski, surukina yana ba shi labarin rikicin wata gona a Kende, Baba yana dariya da rabin bakinsa. Suka dube ni.

"Yaya, lafiya? Ai magariba munka ce."

Na ce lafiya lau, kifi na kawo muku. Na zauna a gefen tabarma, ya ci gaba da labarinsa.